Yadda ake zana bangon unguwa kafin masu rusau su iso

Duk garin da ke faɗaɗa, Dogondutsi ne ko Tibiri, wanda ya gina gidan laka a gefen gari ba takardar fili shi ake fara tayarwa ranar yankan filaye. Zane ba ya zama takarda, amma yana jawo ido, hukuma kuwa tana jin nauyin rushe abin da jama'a ke kallo. A birnin Taichung na Taiwan, wani tsohon soja, Huang Yung-fu, ya cika bangayen unguwarsu da tsuntsaye da fuskoki; a 2010 ɗaliban jami'a suka tsaya masa, aka fasa rushe gidajen da suka rage.

Da shawara ake farawa. Mai unguwa, liman, mata da samari su yarda tukuna, don bangon da mutum ɗaya ya zana, shi kaɗai zai kare shi. Sai a zaɓi wanda ke fuskantar hanyar kasuwa ko tasha.

Aikin laka ya fi cin lokaci. A kankare tsohon yaɓe, a kwaɓa sabuwar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu, a yaɓe, magini ya fitar da zanen da yatsa ko cokali tun bango na ɗanye, irin na gidajen Birnin Damagaram. In ya bushe a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, saboda ruwan sama. Launi kuma ga farar ƙasa, jar ƙasa da gawayi, a dama da ƙaro don su kama. Fentin kanti ba ya daɗewa a kan laka.

Me za a zana? A ganina, abin da zai shaida daɗewar mutane a wurin: shekarar da aka haƙa rijiya, sana'o'in mazauna, tafin hannun yara. Arewa ma ba ta rasa tarihin tsayuwa da za a zana ba. A Lugu Sarauniya Mangu ta tari rundunar Turawan mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine a 1899. Zagin wani kuwa a bar shi, hujja ce ake miƙa wa mai son rusau.

Ranar gamawa a gayyaci sarki, magajin gari da 'yan rediyo, a ɗauki hotuna, a haɗa su da takardar koke mai sunayen masu gidaje. Kafin kowace damina a sake shafa makuba.