Saniyar Azawak da Madararta

Maigida, ka san yawancin shanun da ke ƙasarmu ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura farare ne, watau Bunaji. Amma wani lokaci a kara ka kan ga wata saniya ja-ja, matsakaiciya, mai gajerun ƙahoni, an koro ta daga Nijar. Wannan ita ce Azawak.

Asalinta kwarin Azawak ne, arewa da Tawa, wajen iyakar Nijar da Mali, inda Buzaye da Larabawa ke kiwonta. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwa. Saboda haka saniyar ta saba da doguwar tafiya zuwa rijiya, ta saba da busasshiyar ciyawa. Duk da haka tana cikin shanun da suka fi ba da madara a wannan yanki. A Tukunus, kusa da Filinge, gwamnatin Nijar tana da wurin kiwo inda aka daɗe ana zaɓen irinta.

To, gidan da ke da irin wannan saniya ya yi sa'a, don ko da bazara yara ba su rasa abin sha. Madara tana gina jiki, tana ƙarfafa ƙashi da haƙori. Amma ka lura da abu guda: jure wa zafi dabam, rashin cuta dabam. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma akwai cuta biyu da har yanzu suke bin ɗanyar madara su shiga mutum, ko da saniyar tana sheƙi.

Ta farko bakkale. A jikin saniya alamarta ɓari ne da kumburin gwiwa. A jikin mutum kuwa zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da na baya. Mutum ya yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Maganinta na asibiti ne, a kan yi mako 6 ana sha.

Ta biyu tarin fuka na shanu. Ya kan kumbura wa yaro ƙululun wuya, ko ya kama cikinsa, yaro ya yi ta ramewa. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ba fashi.

Ga abin da za ku yi:

1. Uwargida, ki dafa madara har ta tafasa ta taso, sa'an nan ki sauke, ki rufe ta huce.
2. Da dafaffiyar madara za ki yi kindirmo da nono. Kada ki dogara ga tsami, ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka.
3. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu, ya wanke hantsar saniya da ƙwarya.
4. In saniya ta yi ɓari, kada kowa ya taɓa ɗan ko mahaifar da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne, a ware saniyar, a kira malamin dabbobi.
5. Jariri, har ya cika wata 6, nonon uwarsa kaɗai ya ishe shi.
6. Wanda zazzaɓi ya ƙi bari, ko tari ya wuce mako 2, a kawo shi asibiti. Ya gaya mana yana hulɗa da shanu, don mu san abin da za mu nema.

Itacen da za a ƙone wajen tafasa madara bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba. Ka karanta wa iyalinka wannan, ka kuma gaya wa maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.