Tsohon Salo da Sabuwar Annoba: Nazari a kan Zanen Masami Teraoka

A cikin wannan 'yar maƙala za mu dubi aikin wani mai zane haifaffen ƙasar Japan, Masami Teraoka, musamman yadda ya ɗauki salon kakanninsa ya yi magana da shi a kan cutar ƙanjamau. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da zanen Japan? Amsa ita ce, gardamar da mu ke yi kullum a kan ko tsohon karin waƙa zai iya ɗaukar sabon jigo, ita ce ta taso wa wannan mutum, sai dai shi da launi ya ke aiki.

An haifi Teraoka a shekarar 1936 a garin Onomici, cikin lardin Hiroshima, inda mahaifinsa ke da kantin kimono, watau tufafin gargajiyarsu. A 1961 ya ƙaura zuwa Amurka, ya yi karatun zane a Los Anjeles, sa'an nan a 1980 ya koma Hawai da zama.

Salon da ya ɗauka shi ne ukiyo-e, ma'ana hotunan duniya mai gushewa. Wannan salo ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Akan sassaƙa hoto a jikin katako, a shafa masa launi, a buga a takarda, a sayar da araha. Jigoginsa kuwa na nishaɗi ne: kyawawan mata, 'yan wasan kwaikwayo na kabuki, da wurare masu ban sha'awa. Teraoka ya fi koyi da Utagawa Kunisada (1786–1865), amma shi yawancin aikinsa da fentin ruwa ya yi shi, yana kwaikwayon kamannin bugun katako. Da farko raha ya ke yi. A shekarun 1970 ya riƙa zana mata cikin kimono tare da abincin McDonald's, don zolayar yadda al'adun Amurka su ka mamaye Japan.

An fara ba da rahoton ƙanjamau a Amurka a 1981. A 1986 Teraoka ya sami labarin cewa jaririn wani na kusa da shi ya kamu da ƙwayar cutar ta hanyar ƙarin jini. A wannan shekara ya zana American Kabuki a kan shamaki mai ɓangare huɗu, irin wanda a ke naɗewa. Daga nesa mutum zai ga igiyar teku irin ta tsofaffin hotuna, da mace a tsakiyarta, gashinta a warwatse, tana rungume da jariri. Sai ya matso zai lura da tabon ciwo a jikinta.

A nan, a ganina, hikimar aikin ta ke. A wancan lokaci mutane na gudun maganar cutar kamar yadda su ke gudun masu ita, don haka hoton majiyyaci a gadon asibiti kau da kai kawai zai sa a yi. Shi kuwa sai ya bari kyawun zanen ya jawo mai kallo, har ya zo inda ba zai iya cewa bai gani ba. Bugu da ƙari, salon ba baƙo ba ne ga abin tsoro. Duk wanda ya san kabuki, in ya ga mace mai ɓatacciyar fuska da warwatsen gashi, zai tuna Oiwa, fatalwar matar da a ka ba guba a wani wasa na 1825. Ita ma ba ta yi laifin kome ba. Ashe ke nan gargajiya ta riga ta tanadi siffar wanda a ka zalunta, kuma da ita ya yi jayayya da masu cewa cutar sakayya ce ga masu ita.

A zanen 1988 da 1989 rahar ta komo, amma da ɗaci. Alal misali, akwai geisha, watau ƙwararriyar mai nishaɗantar da baƙi, cikin ruwan wanka tana yage ƙunshin kororon roba da haƙoranta. A wani kuma ƙwarangwal ne ya kawo wa geisha ziyara. Ana iya sukarsa da cewa ya cika ɗora wa jikin mace nauyin saƙon, kuma ban ga laifin mai wannan suka ba, domin ukiyo-e tun asali idon namiji ya ke wa hidima, Teraoka kuwa ya gaji wannan tare da sauran kayan.

Har ila yau, tsohon salon bai riƙe shi har ƙarshe ba. Hotunan da su ka saba zama ƙanana sai su ka yi ta girma a hannunsa, ya bar takarda ya koma kan ƙyalle, launukan su ka yi duhu. Cikin shekarun 1990 ya juya ga fentin mai da salon zanen coci-cocin Turai na da, daga baya kuma ya shiga zana manyan alluna masu ruwan zinariya a kan cin zarafin da a ka bankaɗo a Cocin Katolika.