YADDA KWAMFUTA KE TSINTAR ILMI CIKIN RUBUTU

Kowa ya san yadda ake sheƙe gero a masussuka, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta rage. To, yau akwai na'urorin da ke yi wa rubutun intanet irin wannan aiki, watau su karanta shi, su ware abin da suka ɗauka ilmi ne, su adana.

Ga yadda abin yake. Idan kwamfuta ta yi ta cin karo da jimloli irin su "Kurfi ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina", sai ta lura da gininsu. Gobe in ta ga sunan Dutsin-Ma a gurbin Kurfi, ba sai an gaya mata ba, za ta gane ita ma ƙaramar hukuma ce. A watan Janairu na 2010 ne Farfesa Tom Mitchell da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka kunna wata mai suna NELL, ta yi shekaru tana karatu dare da rana, amma fa Turanci kaɗai.

Hausa kuwa da sauran aiki. Sai a 2013 Google ya sa ta cikin harsunan da yake fassarawa. A 2021 kuma ƙungiyar Masakhane ta fitar da wani aiki kan harsunan Afirka 10, inda masu jin Hausa suka bi labaran Muryar Amurka kalma-kalma, suna sa alama a kan sunan mutum, da na wuri, da na ƙungiya, da kwanan wata, don na'ura ta koya. Ashe ita ma da allo ta fara, kamar kowane ƙolo!

Harshenmu kuwa ba ya barin ta ta huta. Gari na tuwo ne, ko na Hakimi? Kuka ta miya ce, ko na jariri? Ga kuma masu jefar da ƙugiya wajen rubutu, su mai da ƙasa ta koma kasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, abin da aka rubuta kaɗai take sani. Madatsar ruwa ta Zobe da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna cikin jaridu, saboda haka ta san su. Labarin Wurma kuwa yawancinsa yana bakin tsofaffinmu, ita kuwa ba ta zuwa hira zaure. In wani ya rubuta cewa Wurma tana Jihar Kano, mutum goma suka kwafa, to, haka za ta gaya wa ɗalibin da ya tambaye ta.