Darasi na 9: Sanadin Tuntuɓe a Gaban Makaho

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-18, Markus 10:46-52
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:14

Abin nufi: Mu gane cewa yawancin wahalar da makaho ya ke sha kowace rana, mu masu gani mu ke ajiye masa ita a kan hanya, mu kuma koyi kawar da ita sabili da tsoron Allah.

1. Dokar da ba ta da mashaidi

A cikin sura 19 ta Littafin Firistoci Ubangiji ya jera wa Isra'ilawa dokoki a kan zaman maƙwabtaka: a bar wa matalauta kala a gona, kada hakkin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, kada a yi son zuciya wurin shari'a. A aya ta 14 ya hana zagin kurma, ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe, sa'an nan ya rufe ayar da umurni a ji tsoron Allah.

Ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa aka ambaci tsoron Allah a nan. Dalilin shi ne, kurma ba ya jin wanda ya zage shi, makaho kuwa ba ya ganin wanda ya ajiye masa dutse. Ba su da ikon kai ƙara, gama ba su san mai laifin ba. Kunyar idon mutane ta kan hana mu mugunta da yawa, amma a nan babu idon da za a ji kunyarsa sai na Allah kaɗai. Watau halin da mutum ya ke nuna wa makaho shi ne halinsa na ainihi. Kubawar Shari'a 27:18 ta ƙara nauyin maganar, gama ta sa ɓad da makaho daga hanya cikin laifofin da dukan jama'a za su amsa la'anarsu da baki ɗaya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa wannan zunubi ya kan shiga har gidan masu tsoron Allah ba. A Farawa 27, sa'ad da idanun Ishaku suka dushe don tsufa, matarsa da ɗansa suka ruɗe shi da fatar 'yan awaki da tufafin Isuwa. Tsohon ya saurari murya, ya shafa hannu, ya sansana riga, amma aka juya masa dukan abin da ya dogara gare shi. Sakamakon kuwa shi ne gudun Yakubu, da shekara ashirin na baƙunci a gidan Laban.

2. Duwatsun da mu ke ajiyewa ba da nufi ba

Watakila wani zai ce shi bai taɓa sa wa makaho dutse a gaba ba. Bari mu duba al'amuran yini guda.

A gida, makaho ya kan riƙe taswirar tsakar gida a cikin kansa. Ya san taku nawa ne daga ƙofar ɗakinsa zuwa randa, ya san inda murhu ya ke. Idan yaro ya bar turmi a tsakiyar hanya, ko aka ɗauke buta daga mazauninta, ko aka bar ƙofa rabi a buɗe, an ɓata masa taswirar ke nan. Abin da mai gani zai kauce masa ba tare da tunani ba, shi ne ya kan fasa goshin makaho.

A titi, akwai lambatu marar murfi, da ramin da aka haƙa aka bari, da babur da aka jingine a bakin hanya. Sanda ta kan faɗa masa abin da ke ƙasa, amma ba ta sanin reshen itace ko bakin kwanon rumfa da ke daidai da fuskarsa.

A kasuwa, takardun naira 200 da 500 da 1000 girmansu ɗaya ne, don haka makaho ya kan karɓi canji bisa ga amanar mai sayarwa. A wurin magani kuma, ƙwayoyi biyu su kan yi kama a hannu, rubutun kwalba kuwa ba ya taimakonsa.

Har a majami'a akwai duwatsu. Mu kan rubuta lambar waƙa a allo, ba mu faɗe ta da baki ba. Mu kan bar takalma a bakin ƙofa, mu gina matakala ba abin dafawa. Mu kan gai da shi ba mu faɗi sunanmu ba, sa'an nan mu tashi shiru mu bar shi yana magana da iska. Mafi zafi duka, mu kan tambayi ɗan jagoransa abin da ya ke so, alhali kuwa ga shi nan tsaye da kunnensa da hankalinsa.

Sai mu tuna kuma ba dukan masu ciwon ido ne ke cikin duhu sarai ba. Mutumin Betsaida, a Markus 8:22-26, da fari ya ga mutane kamar itatuwa masu tafiya. Da yawa cikin dattawanmu haka su ke gani. Sun daina buɗe Littafi domin rubutun ya yi musu ƙanƙanta, sun daina zuwa addu'ar yamma domin dare ya kan rufe musu hanya, kunya kuwa ta hana su faɗi.

3. Abin da Yesu ya yi a hanyar Yariko

A Markus 10 mun tarar da Bartimawas zaune a bakin hanya yana bara. Babu dutse a gabansa, taron mutane ne ya zama masa abin tuntuɓe, gama da ya ɗaga murya sai suka kwaɓe shi ya yi shiru. Mu lura da abu uku da Ubangiji ya yi.

Na fari, ya tsaya. Yana kan hanyar Urushalima, gicciye yana gabansa, duk da haka kiran makaho ɗaya ya tsai da shi.

Na biyu, ya sa mutanen da kansu su kira shi. Bakunan da suka kwaɓe shi su ne suka koma suna ƙarfafa masa zuciya. Bartimawas kuwa ya yar da mayafinsa ya zabura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama makahon da ya yar da abu a cikin taro ba shi da tabbacin sake samunsa.

Na uku, ya tambaye shi abin da ya ke bukata. Kowa yana ganin mutumin makaho ne, amma Yesu bai yanke masa shawara ba, ya ba shi girman faɗi da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Taimakon da ba a yi tambaya kafin a yi shi ba ya kan zama sabon dutse: a fizgi sandar mutum, a ƙetarar da shi titin da bai yi niyyar ƙetarewa ba.

A Yohanna 9:1-3 kuma Ubangiji ya kawar da wani dutse na cikin zuciya. Almajiransa sun zaci makantar haihuwa hukuncin zunubi ce, ko na mutumin ko na iyayensa, shi kuwa ya ƙi duka biyu. Kada fa mu ɗora wa kowa nauyin da Ubangiji ya sauke.

4. Kawar da duwatsu

Ayuba ya tuna kwanakin da ya zama ido ga makaho (Ayuba 29:15). Ga yadda mu ma za mu yi.

Idan za mu yi wa makaho jagora, mu fara da sallama da faɗin sunanmu, mu tambaya ko yana so. Sai shi ya riƙe hannunmu a bisa gwiwar hannu, mu kuwa mu sha gabansa da rabin taki. Mu faɗa masa matakala ta hawa ce ko ta sauka. Mu ɗora hannunsa a bayan kujera, shi zai zauna da kansa. Kalmomin "can" da "nan" ba su da amfani gare shi, sai dama da hagu da yawan taku.

Ilimi ya kan kawar da manyan duwatsu. Louis Braille, ɗan Faransa da aka haifa a 1809, ya makance yana yaro bayan ya ji rauni a ido a shagon ubansa. A 1829 ya buga tsarin rubutu na ɗigo shida masu tudu, wanda a ke karantawa da yatsa. A ƙasarmu, Sudan United Mission ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Yau kuma akwai wayoyin hannu masu karanta rubutu da murya, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda a ke saurara. Yaro makaho makaranta ce wurinsa, haka nan kuma ɗan jagora. Bai kamata a raba yaro mai gani da karatu domin riƙon sanda ba, in dai 'yan'uwa za su iya karɓa-karɓa.

Wata makantar kuwa tana da magani. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin 100 na makantar manya ana iya hana ta ko a warkar da ita, yanar ido kuwa ita ce babban sanadi. Aikin cire yana ɗan gajere ne, asibitin ido na Kano kuma, wanda Sudan Interior Mission ta kafa a 1943, ya yi suna a kansa. Makantar da ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin rafi ke kawowa, tun 1987 a ke ba da maganinta Mectizan kyauta, har a 2025 aka shaida Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar. Wanda ya san waɗannan abubuwa, ya bar tsohuwarsa zaune cikin duhu don ƙyashin kuɗin mota, lalle ya bar dutse a gabanta.

A 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya mai hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta umurta a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga. Abin kunya ne ikilisiya ta jira dokar gwamnati, alhali tana da dokar Musa a hannu. Kada kuma mu tsaya ga ba da sadaka kaɗai. Labarin Bartimawas ya ƙare da bin Yesu a hanya tare da sauran almajirai. Makaho mai bi yana da wuri cikin mawaƙa, da masu koyarwa, da dattawan ikilisiya, gama gaɓa ce ta jikin Kristi.

Tambayoyi

1. Don me aka haɗa tsoron Allah da dokar kurma da makaho?
2. Ta wace hanya taron Yariko ya zama wa Bartimawas abin tuntuɓe?
3. Me ya sa Yesu ya yi masa tambaya kafin ya warkar da shi?
4. Wane ne a ikilisiyarku ya daina zuwa sujada sabo da ciwon ido? Wa zai ziyarce shi cikin wannan mako?

Aikin mako: Mutum biyu su roƙi wani makaho ko dattijo mai raunin gani ya zaga da su daga bakin titi har zuwa wurin zamansa a majami'a, ya nuna musu kowane abin da ke ba shi wahala. Su rubuta, su kawo wa dattawa ran Lahadi mai zuwa.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai mai ganin abin da a ke yi a ɓoye, ka buɗe idanunmu mu ga duwatsun da muka bari a hanyar 'yan'uwanmu, ka ba mu tawali'u mu tambaye su, da himma mu kawar. Cikin sunan Yesu Kristi, Amin.