Ƙawayenta Na Umra, Ita Tana Jinya a Gwarinpa

Wata baiwar Allah daga Gwarinpa ta rubuto cewa an yi mata tiyata a ciki ana saura mako biyu tafiyar Umra. Ƙawayenta sun tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ita kuwa likita ya hana. Hotunansu na sa ta kuka, rashin ganinsu kuma ya fi ciwo. Yaya za ta yi?

Hanin likita daidai ne: dogon zama cikin jirgi bayan tiyata na iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa.

Maimakon bin hotuna dare da rana, ta zaɓi aminiya guda mai turo mata saƙon murya kullum. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, don haka idan sun idar da Isha'i a Makka, a Abuja ana wajen magariba ne. Lokacin hira ke nan ba tare da ta hana kanta barci ba. Tashar Saudiyya mai nuna ɗawafi kai-tsaye na nan dare da rana. Ta kuma aika musu addu'o'in da take so a yi mata, domin hakan ya sa ta cikin ayarin.

Game da lada kuwa, ta kwantar da hankalinta: a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya shaida wa sahabbai cewa waɗanda uzuri ya tsare a Madina suna tare da su a lada.

Sai dai kada waya ta ɗaure ta a gado. Ta riƙa ɗan tattaki a falo, kuma da ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi na sarƙewa, a garzaya da ita asibiti.