Kuturta da Lafiyar Ido

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya ce ƙanensa ya fara shan maganin kuturta, sai tabon jikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ja. Yana tambaya ko maganin ne bai karɓe shi ba.

To malam, Allah Ya ba shi lafiya. Maganin na aikinsa. Garkuwar jiki ce ta taso wa ƙwayoyin cutar, har da matattunsu, shi ya sa fata da jijiyoyi ke kumbura, wani lokaci da zazzaɓi da ƙuraje masu zafi.

Idan abin ya taɓa jijiyoyin fuska, fatar ido ba ta rufuwa sosai. Sai ido ya bushe, ƙura ta shiga mutum bai ji ba, gyambo ya fito, har ta kai ga makanta. Jan ido da ciwo da kasa kallon haske kuwa alamar kumburi ce a cikin idon.

Kada ya daina shan maganinsa, na wata 6 ne ko 12, kuma kyauta ake bayarwa. Ku kai shi asibiti yau ɗin nan, likita na iya ƙara masa prednisolone. Ya riƙa sa tabarau, kuma kada a ɗiga masa komai a ido sai da izinin likita.