Yadda Ake Ƙera Jirgin Sama Mai Fikafikai Hawa Biyu Da Karan Dawa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin kogin Watari ya san motar kara. Da an gama yankan dawa sai ka ga yara sun taru a gindin rumbu, kowa da rezarsa, ana fere kara ana soka ɓawo a jikin totuwa, kafin la'asar wani ya fito da roka, wani tirela, wani ma har jirgin sama. Ni ma na yi wannan wasa ƙwarai sa'ad da nake firamare. To, amma abin da zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai a nan ya bambanta da wancan da abu guda, watau awo. Jirgin wasa yadda ido ya ga dama ake yinsa. Wannan kuwa kwaikwayon wani jirgi ne na gaske, wanda aka rage kowane sashe nasa da lissafi iri ɗaya, har idan wanda ya san jirgin ya gani zai ce lalle shi ne.

Jirgin da na zaɓa sunansa DH.9A, ƙirar Ingila. Dalili kuwa shi ne irinsa ne ya fara sauka a Kano. Ran 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, suka ratsa ta Maiduguri, suka iso Kano a farkon Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. A lokacin babu filin jirgi, sai a filin tseren dawaki suka sauka. Kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, abokin aikinsa a baya, kuma dukkansu a buɗe suke zaune, iska na dukansu. Injinsa mai suna Liberty ƙirar Amurka ne, yana da ƙarfin doki 400.

Wataƙila wani ya tambaya, don me aka yi masa fiffike sama da ƙasa kamar bene, alhali jiragen alhazai da muke hange suna wucewa fiffike ɗaya gare su kowane gefe? Amsar tana ga kayan da aka yi shi da su. Katako ne da yadin lilin da waya. Fiffike ɗaya dogo na katako, idan an yi shi marar nauyi sai ya karye, idan kuma an yi shi mai ƙarfi sai ya yi wa injin nauyi. Saboda haka sai aka yi biyu, aka tokare tsakaninsu da dirkoki, aka ɗaure da wayoyi a gicciye, suka zama kamar akwati, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Jirgin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright, wanda ya fara tashi a Amurka a 1903, shi ma haka yake. Ku riƙe wannan bayani, domin jirgin kara ma da wannan dabara yake tsayuwa.

A ƙasashen Turai ana sayar da irin waɗannan jirage a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, na roba ko na wani katako marar nauyi da ake kira balsa, mutum ya saya ya harhaɗa da gam, ya yi fenti. Ba yara kaɗai ke yi ba, har da dattawa masu furfura. Wani kamfani na ƙasar Niyu Zilan, Wingnut Wings, ya taɓa fitar da DH.9A wanda aka rage sau 32, kafin ya rufe a 2020. Mu nan ba mu da wannan kwali a kasuwar Bichi ko ta Bagwai, amma totuwar karanmu ba ta fi balsa nauyi ba, ga ta kuma a bayan gida.

Abu na farko shi ne a tsai da ma'auni. Ni na rage nawa sau 12, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, don inci 12 ke cikin ƙafa ɗaya, watau duk ƙafa ɗaya a jirgin gaske ta zama inci ɗaya a naka, ba sai ka wahala da rabawa ba. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin jirgin ya kusa ƙafa 46, watau mita 14. Tsawonsa daga hanci zuwa wutsiya ƙafa 30 da inci 3, tsayinsa ƙafa 11 da inci 4. Ke nan naka zai zama inci 46 a faɗi, inci 30 da kwata a tsawo, inci 11 da sulusi a tsayi. Babba ne, ya fi teburin aji faɗi, saboda haka ka tabbata kana da inda za ka ajiye shi tun kafin ka fara.

Sauran awon da ba a rubuta ba, daga zane ake samunsa. Malaminmu na lissafi ne ya nuna mini hanyar. Ya samo mini zanen jirgin ta gaba da ta gefe da ta sama, na auna tsawonsa a takarda na sami inci 5. Tun da nawa inci 30 ne, duk abin da na auna a zanen sai in ninka shi sau 6. Da haka na fitar da girman taya da farfela da wutsiya da tazarar da ke tsakanin fikafikan. Sa'an nan na zana kome da girmansa sosai a bayan takardar buhun siminti, na manna a kan wani tsohon ƙyaure mai miƙe, a kansa na yi dukkan aikin.

Samun kara ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda mutumin birni zai zata. A wajenmu gonaki a matse suke, babu jeji, kara kuwa da shi ake danni, da shi ake girki, ganyensa dabbobi su ci. Da Baba ya gan ni ina kwance dami ina zaɓe, sai ya ce, "Kai, kuɗin makarantar da nake biya na koyon motar kara ne? Ƙannenka ma sun kusa dainawa." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, aikin lissafi ne, za a nuna shi ranar da iyaye za su zo makaranta." Ya yi shiru, kana ya ce in ɗebi dami ɗaya, amma in ya zo bai ga lissafin ba, ni zan gyara dannin gidan gaba ɗaya a hutun nan. Da wannan sharaɗi na fara.

Ka nemi sillen farafara, dogo, miƙaƙƙe, wanda ya bushe sarai. Ka mirgina shi a kan tebur, in ya yi tsalle ka yar. Ban da shi kana bukatar totuwa, da ɓawon kara da aka tsaga siriri, da tsinken tsintsiya, da gam irin na kafinta, da sitaci, da zaren ɗinki, da kakin zuma, da takarda shara-shara, da sabuwar reza. Gangar jikin ba ta da wuya. Sille huɗu ne daga hanci zuwa wutsiya, a buɗe a gaba, suna matsewa a baya, a tokare su da gajerun kara kamar tsani. A gina gefe biyu a kan zane ɗaya don su zo daidai, sa'an nan a haɗa su.

Kowane fiffike yana da azara biyu na siririn sille, ɗaya wajen gaba ɗaya wajen baya. A kansu ake ɗora haƙarƙari na ɓawon kara, na sama a lanƙwashe, na ƙasa a miƙe, bakin gaba ya fi tudu, na baya ya tafi a siraice. Ni na sa ɗaya a kowane inci da rabi. In an gama sai a rufe da takarda, a shafa sitaci a gefe kawai, a bari ya bushe, kana a yayyafa ruwa kaɗan. Yayin da takardar ke bushewa sai ta ɗame kamar fatar ganga, haƙarƙarin ya fito a jikinta. Haka ma ake yi wa na gaske, ana shafa wa lilin wani magani da ke sa shi ɗamewa.

A nan ne na fara kwasar kashina a hannu. Lokacin hunturu ne, na yayyafa ruwa na kai fikafikan rana don in yi sauri. Kafin in dawo daga sallar azahar biyu sun murɗe kamar busasshen ganyen masara, aikin mako guda ya tafi. Ashe takarda in tana ɗamewa tana da ƙarfin da ya fi na kara. Maganin abin shi ne a jiƙa sama da ƙasa lokaci ɗaya, a kwantar da fiffiken a kan ƙyaure, a danne gefunansa da littattafai, a bar shi cikin ɗaki ya kwana.

Ɗora fiffiken sama shi ne wurin da ake gane wanda ya yi awo da wanda ya yi ƙiyasi. Dirkoki 12 ne ke riƙe da shi, huɗu a dama, huɗu a hagu, huɗu gajeru a kan gangar jiki gaban matuƙi. Na gefen nan takwas dole tsawonsu ya zama ɗaya, don haka a jera su a yanke su tare. Bugu da ƙari, fiffiken sama ba daidai kan na ƙasa yake ba, ya ɗan gota shi ta gaba, ke nan dirkokin a karkace suke tsayawa. Kuma in ka dubi jirgin ta gaba za ka ga bakin fikafikan ya ɗan ɗaga sama. Hannu biyu ba za su iya riƙe wannan duka ba har gam ya kama. Abin da na yi, na sami kwali mai kauri na yanka guda huɗu iri ɗaya, kowane da tsaga biyu, ta sama da ta ƙasa, bisa tazarar da gocin da na auna a zane. Na zura fikafikan cikin tsagogin suka tsaya da kansu, sa'an nan na shiga sa dirkoki ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje. Kafin gam ya bushe sai a ɗauki zare a auna daga bakin fiffiken dama zuwa ƙarshen wutsiya, a auna na hagu. In ba su zo ɗaya ba, jirgin ya karkace, a gyara nan take.

Ko bayan gam ya bushe, in ka taɓa za ka ji abin yana rawa. Kada ka tsorata, zare ne bai shiga ba tukuna. A goga wa zaren kakin zuma don ya kwantar da gashinsa, a sa a allura, a ɗaura daga gindin wannan dirka zuwa kan ta gaba da ita, a kuma gicciya wani. A jirgin gaske wayar da ta tashi daga ƙasa ta ciki zuwa sama ta waje ita ke riƙe fikafikai sa'ad da iska ke ɗaga su, ɗayar kuwa ita ke hana su zubowa in jirgi yana ƙasa. A ɗaura na dama, a ɗaura takwaransa na hagu, kada a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, kada kuma a ja da ƙarfi. Da na ƙulla na ƙarshe na ɗaga jirgin da hannu ɗaya, sai na ji ya zama abu guda, ba ya ko motsi.

Sauran aikin ado ne, kuma shi ya fi daɗi. Tayoyi biyu na yanko daga tsohon silifa, na zura musu wayar ƙafar keke. A baya babu taya, sai ɗan katako mai jan ƙasa. Farfela mai kunne biyu na sassaƙa daga guntun katako na goge da samfefa. Hancin jirgin a daƙile yake, domin nan ne lagireto, sai na jera tsinkaye a gicciye na shafa baƙi. Jiragen wancan zamani ruwan azurfa ake yi musu, na sami ragowar irin fentin a wurin mai yin akwatin ƙarfe, na shafa sama-sama don kada ya yi nauyi. Alamarsu da'ira ce uku, shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki, a kan fiffiken sama da ƙarƙashin na ƙasa da gefen jiki. Ba zai tashi ba, ba a kuma yi shi don haka ba. Gara da ɓera kuwa suna son sitaci da totuwa, saboda haka a rataye shi da igiya, kada a ajiye a ƙasa.

Ranar iyaye Baba ya zo. Ya zagaya jirgin sau biyu bai ce kome ba, sai ya karɓi rula a hannun Malam ya auna fiffiken da kansa, ya dubi takardar awon da na manna a gefe, ya ce, "To, ka tsira daga danni." Sai dai akwai abin da bai gani ba. Bakin fiffiken ƙasa na hagu ya fi na dama sauka da kwatan inci, wanda a jirgin gaske inci 3 ke nan. Yana nan rataye a ɗakin kimiyya, ƙyauren da zanen kuma suna wurin Malam ga duk wanda yake so ya gwada nasa bayan girbin bana.